Matar da Ba Mu Ɗebi Jininta Ba

Cikin duk shekarun da na yi ina tafinta a asibiti, safiyar da ta ƙi fita daga raina ita ce ta wata Talata a watan Maris na 2014. Ranar Dakta Ashraf ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa da ƙafa, ya ajiye wata takarda a gabana ya ce, "Ya Ustaz Nasir, ɗayanmu ya yi kuskure, kuma ba na jin ni ne." Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya idan kun ga na tsare iyali da tambayoyi kafin in cike takarda guda. To ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ina shekara ta huɗu a wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Mohandessin ta birnin Alƙahira, a ofishin da ke kula da marasa lafiya 'yan ƙasashen waje. Muƙamina tafinta na biyu. Na ɗaya wani Basudane ne da ke riƙe da masu Turanci, ni kuma duk wanda ya buɗe baki ya yi Hausa nawa ne. Karatun Shari'a ya kawo ni Masar daga Zariya, na gama, na yi aure, na zauna, har na kai shekara goma sha biyu. Aikin kuwa kun san shi: ka tarbo mutane, ka buɗe musu fayil, ka tsaya tsakaninsu da likita. Abin da sababbi ba su cika lura da shi ba shi ne sa hannun da ke ƙasan kowace takarda. Da ka sa shi, ka yi shaida ke nan cewa abin da aka rubuta shi ne gaskiyar abin da aka faɗa.

A tsakiyar watan Fabrairu iyalin suka iso daga wani gari kusa da Gombe, su huɗu. Akwai Malam Umaru, malamin sakandare, dogo mara yawan magana. Akwai Hajiya Hadiza, babbar mace mai murya, goye da yarinya. Akwai wata matashiya siririya, Rabi, da ke biye da su da jakunkuna. Sai yarinyar, Maryama, 'yar shekara huɗu. Ban taɓa ganin mutum rawaya haka ba. Farin idonta kamar an jiƙa shi da gangamau, amma ga ta da wayo da surutu, har ta tambaye ni me ya sa nake magana da "bakin Larabawa".

Na karɓi fasfo huɗu na baje a tebur. Umaru Abdullahi, Hadiza Abdullahi, Maryam Umaru, Rabi Salisu. Na ɗaga kai na ga wadda ke goye da yarinya, na ji yarinya tana ce mata Inna, na ga sunanta na biyu ɗaya da na Malam. Sai na rubuta uba, na rubuta uwa. Ban tambaya ba, don a ganina babu abin tambaya. Na dai nuna Rabi da biro na ce, "Wannan fa?" Malam Umaru bai ɗago ba ya ce, "Tare muke." Na rubuta mai rakiya, na sa hannu. Ko minti biyar ba a yi ba, har ina jin daɗin saurina.

Ciwon Maryama da shi aka haife ta. Hantarta lafiya lau take, sai aiki guda da ba ta iya yi: akwai wani ruwa rawaya da jinin kowa ke tarawa, hanta ta gyara shi ya fita, tata kuwa ba ta da abin gyaran. Abin da ya raya ta zuwa shekara huɗu wata shuɗiyar fitila ce da take kwanciya ƙarƙashinta rabin yini kullum, idonta a rufe da ƙyalle, hasken yana narkar da rawayan ta fata. Amma yayin da yaro ke girma fata na kauri, fitilar na rage aiki. Ranar da rawayan ya yi yawa ya hau ƙwaƙwalwa, yana taɓa ji da motsi, kuma abin da ya taɓa ba ya dawowa. Wannan shi ne tsoron kowa tun ranar farko.

Malam Umaru ya zo da wata takarda da ya bugo daga intanet, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya karanta cewa yanzu ana dashen ƙwayoyin hanta ba tare da an yanka kowa ba, har ma ana gyara gadon ciwon daga tushe. Abin da ya kawo shi ke nan. Dakta Ashraf, wanda shi ne babban likitan hantar yara, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ɗauki biro ya zana hanyoyi uku. Ni kuwa zufa ta fara karyo mini, don a karatun da na yi babu babin wannan.

Ta farko, in ji shi, dashen ƙwayoyi. Ana samun hanta mai lafiya, a warware ta a ɗakin gwaji zuwa ƙananan ƙwayoyin da aka gina ta da su, a zuba su ta jijiyar da ke shiga hantar yaro, su zauna su kama aiki. An gwada a wasu ƙasashe, rawaya yakan sauka, amma bayan watanni ƙwayoyin sukan gaji, a koma inda aka fito. Kuma su ma ƙwayoyin daga hantar wani za su fito. Ta biyu, gyaran gado. A jikin kowace ƙwaya akwai rubutaccen umarni da mutum ya gada, rabi daga uba, rabi daga uwa. A na Maryama layi guda ne ya ɓaci. Masu bincike suna ƙoƙarin ɗora layin da ke daidai a kan wata ƙwayar cuta da aka kashe wa dafi, ta kai shi cikin hanta. Da na fassara wannan, Hajiya Hadiza ta dube ni ta ce, "Malam, cuta za a ɗura mata don ta warke? Ko kai ne ba ka ji daidai ba?" Wallahi sai da na juya na sake tambayar likita, don ni ma na fara shakkar kunnena. Ya ce haka ne, amma har lokacin a jikin dabbobi ake gwadawa, babu inda za a kai yarinya a yi mata.

"Ta ukun fa?" in ji Malam Umaru.

"Ta ukun ita ce wadda ba ka so," in ji Dakta. A yanki ɗan ɓangare na hantar babban mutum mai rai a dasa wa yarinya. Ta mai bayarwa tana sake tofowa. Amma doka a Masar ta tsananta saboda masu cinikin sassan jiki: sai ɗan'uwa na jini, ɗan ƙasarsu, da wasiƙar ofishin jakadanci, sannan wani kwamiti ya zauna da mai bayarwa ya ji daga bakinsa.

Malam Umaru ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Dakta ya ce a ɗebi jinin yarinya da na iyayenta biyu a aika waje, a tabbatar da layin da ya ɓaci, kuma a fara duba wanda zai iya bayarwa. Na juya na ce, "Malam da Hajiya, ku biyo ni za a ɗebi jininku." Suka biyo ni. Ni na rubuta sunaye a jikin kwalabe. Rabi tana zaune a kan benci a waje, rungume da jakar kayan yarinya.

Mako biyu bayan nan ne Talatar da na faɗa muku. Takardar da Dakta ya ajiye a gabana sakamakon gwajin ne. Ya ce irin wannan ciwo sai yaro ya gaji ɓataccen layin daga ɓangare biyu. Maryama tana da biyu. Uba yana da ɗaya, daidai. Uwa ba ta da ko ɗaya. "To na biyun daga ina ya zo? Ko an musanya kwalabe a can, ko an rubuta suna a kan kwalbar da ba ita ba a nan. Wa ya rubuta?"

Na ce ni ne. Na fita ina ta juya ranar a kaina. Akwai wata Balibiya da aka ɗebi jininta a gabanmu, ko kwalbarta na ɗauka? Na tuna na rubuta Hadiza, amma a kan wace kwalba? Tun ina da tabbas har na rasa shi. Aka sake ɗiba, wannan karon nas biyu suna tsaye a kaina, aka sake aikawa. Wani mako biyun ke nan.

Ana cikin jira sauran gwaje-gwajen suka fito, suka ƙara dagula lissafi. An sami ciwon hanta mai yaɗuwa a jinin Malam Umaru, wanda shi kansa bai san yana da shi ba, saboda haka an cire shi. Hajiya Hadiza kuma suga da kitse a hanta, ita ma an cire ta. Dakta ya ce a nemo wani ɗan'uwa daga gida. Na fassara. Na ga Malam Umaru ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi Hajiya, ya rufe. Na ɗauka nauyin labarin ciwonsa ne. Ya shiga buga waya Gombe, ana neman ƙanensa da ba shi da fasfo ma tukuna.

Sakamako na biyu ya dawo, iri ɗaya da na farko. Wannan karon Dakta bai tura ƙofa da ƙafa ba, a hankali ya rufe ta. Ya ce ya sa an ƙara wani gwajin. "Matar nan 'yar'uwar yarinyar ce ta jini, amma ba ita ta haife ta ba. Ya Ustaz, su waye mutanen nan? Idan fayil ya je gaban kwamiti da ƙarya a ciki, ba yarinyar kaɗai za a kora ba. Kai ka kawo su, yarenka suke yi. Je ka gano."

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na kwana biyu ban tambaya ba. Kaina ya ɗaure tamau. Na ce ko an musanya jarirai a asibiti, sai na tuna Hajiya ta ce a gida aka haihu, har ta faɗi ranar da rawayan ya fara. Na ce ko 'yar wata matar ce da ta rasu, to me zai hana su faɗa? Na ce ko akwai wani abin ɓoye a gidan da bai kamata bare ya tono ba. Ni da na haddace babin nasaba, yaya zan tsaya gaban dattijo in ce masa matarka ba ita ta haifi 'yarka ba? Idan na hango shi a baranda sai in bi ta wata matakalar. A mikrobas, ƙaramar bas ɗin da nake hawa zuwa unguwarmu ta Faisal, inda su ma suka kama haya, har na wuce tashata ina tsara jimlar da zan fara da ita.

A rana ta uku zazzaɓi ya kama Maryama. Zazzaɓi ga mai irin ciwonta ba wasa ba ne, rawayan ya yi sama lokaci guda. Yarinyar da ke damunmu da surutu ta yi shiru, wuyanta ya sanƙare. Aka kai ta ɗakin kulawa ta musamman, aka yi ta tace mata jini, aka bar fitila a kanta dare da rana. Bayan kwana biyu ta dawo hayyacinta, aka mayar da ita ɗakinta.

Da azahar ɗin ranar da aka mayar da ita, Mis Nagwa, shugabar nas-nas ta sashen yara, ta tare ni a baranda ranta a ɓace. "Ya Ustaz, ka gaya wa shaggalar nan tasu ta daina shigar mini ɗaki." Shaggala a bakinsu 'yar aiki ke nan. Na ce ai Rabi ba ta shiga, kullum a benci nake ganinta. Ta ce, "Kai ne ba ka gani. Tun ranar farko take yi. Sai uwar ta tafi salla, an rufe wa yarinya ido, sai ta lallaɓo ta tsaya a ƙarshen gado ta riƙe mata tafin ƙafa. Ba ta magana, ba ta kuka. Da ta ji motsi sai ta fice. Ga ta can yanzu ma, je ka gani."

Na je na leƙa ta gilashin ƙofa. Ɗakin duk ya yi shuɗi. Maryama tana kwance da ƙyalle a ido. Rabi tana tsaye, ta tallafi ƙafar yarinyar da hannu biyu, tana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyata na tuna, Allah ya jiƙanta. Har ta bar duniya ban taɓa jin sunan yayanmu na fari a bakinta ba. "Wancan" take cewa. Idan ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a madafi. A hannun goggonmu ya tashi, kuma mu duka mun san dalili, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani. A gidan na girma, amma shekara goma sha biyu a Alƙahira sun sa na koma gane uwa da wadda ke rungume yaro tana sumbatarsa tana "ya habibi" a gaban kowa.

Na jira Hajiya Hadiza ta fito daga ɗakin salla. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri da tambayata. Malam Umaru me yake a wurinki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Umaru? Ƙanena mana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi, ga shi na goyi 'yarsa. Me ka ɗauka?"

"Na ɗauka mai gidanki ne."

"A'uzubillahi! Wata guda muna tare da kai?" Ta tafa hannu. "To da ka rubuta haka, Rabi kuma ka rubuta ta a me?"

Na faɗa mata. Sai ta ce, "Kai ɗan ina ne? 'Yar fari ce fa. Ranar da aka yaye ta na je na ɗauko abata. So kake Rabi ta zauna a gabana, a gaban mijinta, ta ce ga 'yata? Ba a haife ta a gidan marasa kunya ba."

Na sami Malam Umaru a ƙofar asibiti yana waya. Da na gaya masa, sai ya sauke wayar a hankali. "Na ɗauka kun sani. Kun karɓi fasfo ɗin kowa." Na ce to ranar da aka ce a nemo wani daga gida, me ya hana shi magana? Ya ce, "Yaya tana zaune. In buɗe baki in ce a yanka matata saboda 'yata? Kuma na zaci kun duba takardunta kun ga ba ta dace ba, shi ya sa ba ku kira ta ba. Tun ranar take tambayata a gida, ko an ce wani abu a kan nata jinin. Nakan ce mata likitoci sun san aikinsu."

Ban san lokacin da na hau bene hawa uku ba. Dakta Ashraf ya saurare ni baki buɗe. "Tsaya. Matarsa ce ta aure? To kunyar me take ji? Wani abu ne ya faru kafin auren?" Na ce babu abin da ya faru, girmamawa ce, ana yi wa ɗan fari. Ya ce girmama wa? Na ce manya. Ya ce manyan ne suka hana ta? Na ce ba wanda ya hana ta. Na ga dai ina ƙara rikita shi ina rikita kaina. Ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, ban gane ba, kuma ba sai na gane ba. Yalla, a ɗebi jininta yanzu."

Jininta ya dace, hantarta lafiya lau. Ɓataccen layi ɗaya da take ɗauke da shi ba ya hana bayarwa. Na rubuta takardar amsa kuskure da hannuna, shugaban ofis ya sa mini gargaɗi a fayil, na kai gyararrun takardu ofishin jakadancinmu da ke Zamalek aka buga hatimi. Saura kwamiti.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba: mutum uku ne da ba ruwansu da tiyatar, aikinsu su tabbatar ba a sayi mai bayarwa ba, ba a kuma tilasta masa ba. Shi kaɗai yake shiga, sai tafinta. Ranar wata tsohuwar likita ce ke shugabanta, gilashinta a kan hanci, ga fayil ɗinmu a gabanta da gyaran da aka yi da jan biro. Ta dubi Rabi ta ce, "Yarinyar nan mece ce a wurinki?"

Na fassara. Rabi ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ji ta ce, "'Yar Yaya ce."

Ban taɓa shiga ruɗu irin na wannan daƙiƙar ba. Idan na faɗi abin da ta ce, na rusa fayil. Idan na gyara mata, na sake sa hannu a kan abin da ba a faɗa ba, kuma irin wannan ne ya kawo mu nan. Na faɗa yadda ta faɗa. Shugabar ta cire gilashi. Na nemi izinin bayani, ta ce, "La, ya Ustaz. Bayaninka mun karanta shi a rubuce. Mace da aka fara rubutawa mai rakiya, yanzu an ce uwa ce, ita kuma ta ce ba 'yarta ba ce. Daga bakinta nake son ji, in ba haka ba na rufe."

Na juya na ce, "Malama Rabi, ba ni da ikon faɗa miki abin da za ki ce. Amma sun ce idan ba su ji daga bakinki ba za su rufe takardar, kuma ba za a yi aikin ba."

Ta waiga ta dubi ƙofa. Sannan ta ce, "Ƙofar a rufe take?"

"A rufe take."

"Yaya ba ta ji?"

"Tana can ƙasa."

Ta ja hijabinta ta rufe fuska gaba ɗaya, ta yi magana daga ciki. "Ni na haife ta. Ranar Laraba da hantsi, ana ruwa. Kwana uku na ga idonta ya canja, ni na fara gani, na kasa faɗa, sai da Yaya ta gani. Shekara biyu ina ba ta nono a ƙarƙashin fitilar nan. Maryama sunanta." Muryarta ta karye a kan sunan. "Ka gaya musu ba wanda ya sa ni. Su ɗebi duk yadda suke so, ko duka ne."

Na fassara kalma bayan kalma, ban san ina hawaye ba sai da na ga shugabar ta turo mini kwalin tishu. Ta mayar da gilashinta ta ce, "Tamam," ta sa hannu.

A watan Afrilu aka yi aikin, aka yi nasara. Cikin kwanaki rawayan ya fara washewa, Hajiya Hadiza tana ta kiran nas-nas su zo su ga farin ido. Malam Umaru ya sake fito da takardarsa ya tambayi Dakta ko da sun jira da gyaran gadon ya iso. Dakta ya ce yana fatan wata rana za a daina yanka uwa saboda wannan ciwo, amma Maryama ba ta da shekarun jira.

Sai dai kafin a sallame su an gwada jinta. Kunnen hagu ya mutu, na dama ya ragu. Na tambayi Dakta ko zazzaɓin nan ne, ko da an yi aikin da wuri da ba a kai ga haka ba. Ya ce, "Ma'alish, ya Nasir, ba wanda zai iya sani." Wataƙila gaskiyarsa ke nan. Ni dai na san yarinyar da ta ji ni ina Larabci a ranar farko har ta tanka, kuma na san makonnin da suka tafi a kan kwalabe, da kwana biyun da na yi ina bin wata matakalar.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, likita yana ganin jini, takarda tana ganin suna, kuma an ɗauke mu aiki ne don mu ga abin da su biyun ba za su gani ba. Mutanenmu ba sa ƙarya a ofis, amma akwai abubuwan da ba za su taɓa faɗa a gaban juna ba, kuma suna zaton wanda ya iya harshensu ya riga ya sani. Shi ya sa yanzu nake raba iyali, in tambayi kowa shi kaɗai, wa ta haifa, wa ta rena, wa ke zaune a waje kuma me ya sa. Idan mace ce nakan nemi mace ta tambaye ta. Kada ku auna damuwar mutum da yawan maganarsa.

Ranar da za su koma, a watan Yuli, na je Faisal na raka su. Ana loda kaya a mota, Hajiya ta goya Maryama, Malam yana fama da direba. Sai na ji an ce "Malam" a bayana, ƙasa-ƙasa. Rabi ce, tana dafe da gefen cikinta inda aka yi ɗinki. Tun ranar kwamiti ba ta sake yi mini magana ba.

"Wane kunnen ne aka ce yana ji?"

Na ce na dama.

Ta ɗauki jakarta, ta kewaya ta bayan Hajiya, ta koma ɓangaren dama, suka nufi mota.